Gwangwanin Baba da Rajista ta Tara

Ni ce na haɗa akwatin da ke ba albasar Baba ruwa, kuma ni ce na kusa kashe albasar. Na daɗe ina ba da rabin farko na labarin kawai, don shi ya fi daɗin faɗa.

A shekarar da idon Baba ya dushe sosai, yayana da ke zaune a Nasarawa cikin Birnin Kebbi ya kafe a kan lallai tsohon ya bar gonarsa ta fadamar Argungu ya dawo wurinsa. Har ɗaki ya gyara masa, da fanka da sabuwar katifa. Yaya ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Injin fetur ɗin da Baba ke ban ruwa da shi ya taɓa fizge masa hannu garin tayarwa, wata rana kuma ya tsiyaye mai a ƙasa yana tsammanin a tanki yake zubawa. Da aka kai wa Baba maganar sai ya ce, "In kunka kai ni birni, mi za ni yi can? In zamna in ta sauraren hwanka?"

Ni ina koyar da ilimin kwamfuta a wata makaranta, ina zaune a Gwadangaji gefen Birnin Kebbi, kuma Allah ya ba ni bakin da ba ya jiran a tambaye shi. Na ce a ba ni wata biyu. Muka kafa farantan sola a gonar, muka zura famfo mai aiki da hasken rana a 'yar rijiyar bututun da ke tsakiyar fangalolin, ni kuma na haɗa ɗan akwati mai ƙaramar kwamfuta a ciki. In rana ta ɗaga sai ya tada famfo, ya buɗe wa wannan sashe ruwa, ya rufe, ya buɗe wa wancan, yana yin ƙara ɗaya ko biyu ko uku don Baba ya san inda ruwan ya nufa. In kuma ruwan rijiya ya ja baya, sai ya kashe famfon ya kulle kansa, kada famfon ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone. Ba ya sake tashi sai na zo da kwamfutata na duba. Na sa wa akwatin kwaɗo, na ba Baba mabuɗin, na ce ajiya ce kawai, kada ya buɗe.

Yaya ya zo ya gani, ya zagaya gonar hannu a baya. Ya ce, "Na ji. Amma ran da abin nan ya gaza, albasa ta lalace, zan zo da mota in ɗauke shi, kuma ba ni son jin bakinki." Na ce na yarda. A gaban Baba muka yi wannan magana.

Wata biyu akwatin yana aiki lafiya lau. Aka yi dashe, albasa ta kama ƙasa, ta yi kore shar. Da a ce ni mai haƙuri ce da shi ke nan. To amma na lura cewa wani lokaci, tsakanin rufe wa sashe ɗaya ruwa da buɗe wa na gaba, akwatin kan yi ɗan jinkiri, abin da bai wuce ka ja numfashi uku ba. Babu wanda abin ya dama sai ni. Baba ma cewa ya yi, "Bar shi shi huta mana, ɗiyata. Ina ruwanki?" Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, na rantse sai na gano inda lokacin yake tafiya.

A cikin kowace kwamfuta akwai wata babbar manhaja da muke kira kanel, ita ce ke tsakanin sauran manhajoji da ƙarafunan na'urar. Ita kanta tarin ƙananan ayyuka ne, dubbai, wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba. In kana son sanin wane ne ke ɓata lokaci, sai ka yi abin da ake kira bin sawu. Ka tsayar da mai rubutu a ƙofar kowane ɗan aiki. Da an kira aikin, kafin ya fara, sai a ratse wurin mai rubutun, ya rubuta sunan aikin da lokacin, sannan a sake shi ya ci gaba.

Wahalar tana wuri ɗaya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, tana da 'yan ma'ajiyoyi ƙalilan a jikinta da ake kira rajistoci. A cikinsu mai kira yake zuba wa ɗan aikin abin da zai yi aiki da shi. Shi ma mai rubutun da waɗannan rajistocin zai yi nasa aikin, babu wasu. Saboda haka dole ya fara kwafe abin da ya tarar a ciki ya ajiye gefe, ya gama rubutunsa, sannan ya mayar da komai daidai yadda yake. Ɗan aikin bai san wani ya ratsa ba, ba ya dubawa, hannu kawai yake kaiwa ya ɗauki abin da ya san an ajiye masa.

Kwamfutar akwatin ba ta da ƙarfi. Da na kunna bin sawun yana kwafe rajistoci talatin da wani abu a kowace ƙofa, sai komai ya yi nauyi, jinkirin da nake nema ya ɓace cikin jinkirin da na kawo da kaina. Sai na ce, haba, wannan ai ɓarna ce. Na zauna na sake rubuta wurin. Rajistoci takwas ne ake miƙa wa ɗan aiki saƙo a ciki, na sa a ajiye su. Sai wadda ke riƙe da hanyar komawa wurin mai kira, ita ma na sa a ajiye. Sauran na ce ko dai babu mai taɓa su, ko babu wani abin kirki a ciki tukuna. Na gwada a kan teburina na kamar minti ashirin, abu ya yi sauri kamar ba a ɗora masa komai ba. Wallahi ranar har rawar kai na yi ni kaɗai a ɗaki. Na kai Argungu na ɗora, na bar shi a kunne ya yi ta rubutu.

Kwana huɗu da haka Baba ya kira ni. Ya ce, "Akwatinki ya yi shiru tun hantsi." Na tashi daga aji na shiga motar Argungu. Na tarar akwatin ya kulle kansa, wai rijiya ta ƙafe. Na auna, ruwa fal. Na tashe shi, na duba wayoyi, na goge farantan sola, na koma gida ina cewa zafi ne. Bayan kwana biyu ya sake. Na uku kuwa ya zo ranar da nake tsaron jarrabawa, ban samu zuwa ba sai washegari da azahar. Lokacin zafi ya riga ya shigo, albasa tana tsakiyar yin kai, lokacin da ba ta son wasa da ruwa ko kaɗan. Fangali biyu na can ƙarshe, inda ƙasar ta fi yashi, ganyensu ya kwanta, bakinsa ya yi rawaya. Baba ya ɗebi ruwa da bokiti daga rijiyar maƙwabcinsa ya yi iya yinsa, rigarsa duk laka.

Ganin haka zuciya ta ɗebe ni. Ban ko zauna ba na ce, "Baba, ka faɗa mini gaskiya, ka buɗe akwatin nan ko?"

Ya ce, "Ban buɗe ba."

"To aljanu ne suka buɗe? Wata biyu yana aiki, a teburina yana aiki, sai nan kaɗai yake lalacewa! Mabuɗi ɗaya ne, kuma yana hannunka. In ba ka gani ka taɓa wani abu, ai sai ka ce ka taɓa."

Har yau in na tuna "in ba ka gani" ɗin nan sai in ji kamar in nutse. Baba bai ɗaga murya ba. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata, ya ce, "Ke kinka ce kar in buɗe, ban buɗe ba." Ya miƙo mini mabuɗin, ya ɗauki fartanyarsa ya nufi fangalolin.

Ni in raina ya ɓaci shara nake yi. Na tashi akwatin, na kwafe duk abin da mai bin sawu ya rubuta, sannan na faɗa bukkar da Baba ke hutawa a ciki da tsintsiya. Duk gidanmu mun san ƙa'idar tun da idonsa ya yi rauni: abin da ka ɗaga, ka mayar inda ka same shi. Na kiyaye kuwa. Buta, rediyo, carbi, kwanon sha, takalmi, malafa, tabarma, lauje, kowanne na lura da mazauninsa, na share, na mayar. Ganyen albasa da ledoji da wani tsohon gwangwanin tumatir mai tsatsa da ke gindin ginshiƙi na tattara na watsar can bayan shinge.

Da Baba ya dawo ya shigo, ya kai hannu ga buta ya same ta, ya taɓa malafa inda take rataye. Na mayar masa da mabuɗin akwatin, ya karɓa, ya sunkuya gindin ginshiƙi ya sake shi. Mabuɗin ya faɗi cikin rairayi ba ƙara. Ya tsaya. Ya shafa wurin da tafin hannu.

"Ina gwangwanina?"

Na ce, "Na zubar. Ai babu komai a ciki."

Ya ce, "Awo, babu komi ciki. Mabuɗi na hannunki, mi za shi kasance ciki? Don shi na aje shi nan. In na ji ƙara tai na san ya shiga."

Ban gane komai ba, don haushi bai sake ni ba. Na tono masa mabuɗin daga rairayi, ya sa a aljihu. Na yi sallama sama-sama na kama hanya. Ban kai Birnin Kebbi ba Yaya ya kira, maƙwabcin gonar ya riga ya ba shi labari. Ya ce, "Asabar zan je in ɗauko shi. Mun yi magana da ke." Ranar Laraba ce.

Abin dariya, ko sau ɗaya ban zargi bin sawun ba. Shi ne ma na dogara da shi ya nuna mini mai laifi. Alhamis na wuni ina karanta rubutunsa tsakanin aji da aji, layi bayan layi, sunan aiki da lokaci, sunan aiki da lokaci, har idona ya yi ja, ban ga komai ba. Juma'a da safe ba ni da aji, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ci gaba. Can wajen hantsi na iso daidai lokacin da famfon ya mutu karo na uku. A farkon wani sabon shafi, inda ya kamata in ga sunan aiki, sai na ga wasu lambobi da ba su da ma'ana a wurin. Na wuce su, na dawo. Na farkon ya yi mini kama da wani abu da na sani. Zurfin ruwan rijiyar Baba ne. Na biyun ƙarfin rana, na ukun zafin famfo.

Innalillahi! Me ya kawo ma'aunin rijiya cikin littafin mai bin sawu?

Na buɗe takardar da ke bayanin ƙa'idojin furosesar, wadda na karanta rabi na ce na iya. Ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Bayan rajistoci takwas na saƙo akwai ta tara, daban da ta hanyar komawa. Ita ba saƙo take ɗauka ba. In ɗan aiki zai dawo da amsa mai yawa wadda ba za ta shiga rajista ba, mai kira yakan tanadi wuri, ya sa adireshin wurin a ta tara, wato in ka gama ka zuba a nan. Ayyuka kaɗan ne ke yin haka a kanel, amma aikin da na rubuta da hannuna na auna rijiya yana cikinsu. Shi kuwa mai bin sawu ba ya taɓa ta taran sai in shafinsa ya cika zai buɗe sabo, abin da ke ɗaukar sa'o'i. In hakan ya faɗo daidai ƙofar aikin auna rijiya, sai ya bar adireshin sabon shafinsa a ciki. Aikin ya auna daidai, ya zuba amsa a inda aka nuna masa. Mai kira ya duba wurin da ya tanada, ya tarar da sifili, ya ce rijiya ta ƙafe.

A nan ne gwangwanin ya faɗo mini a rai, da hannun Baba yana shafa rairayi. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma ba kukan albasa ba ne. Tsohon nan bai taɓa komai ba. Ni na shiga na taɓa, na fita ina zarginsa.

Gyaran layi biyu ne: a ajiye ta tara, a mayar da ta tara. Amma na daina yarda da minti ashirin ɗina. Na ƙanƙanta shafin mai bin sawu yadda zai riƙa cika kowane ɗan lokaci, na sa aikin awon ya riƙa maimaituwa ba tsayawa. Da tsohon rubutuna, kafin ruwan shayi ya tafasa ya ce rijiya ta ƙafe. Da sabon, ya wuni har magariba bai yi tuntuɓe ba. Kafin in kwanta na juye tumatirin gwangwani a kwano, na wanke gwangwanin, na danne bakinsa da dutse kada ya yanki hannu.

Asabar na yi sammako, amma Yaya ya riga ni. Ya riga ya ɗauko Baba daga gidansa na cikin gari, motarsa na bakin gona, jakar Baba a kujerar baya. Baba ya ce sai an biyo da shi ya zagaya albasarsa kafin a wuce. Na same su a bukka, Baba sanye da rigarsa ta Juma'a, yana zaune.

Yaya ya ce, "Ke, kar ki fara."

Na ce, "Ba gardama na zo yi ba, Yaya. Laifina na zo nuna maka."

Ya dube ni da kyau, don bai taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Na karɓi mabuɗi wurin Baba, na buɗe akwatin, na ce su saurara. Na ɗora tsohon rubutuna da ƙaramin shafin nan. Famfo ya tashi, ruwa ya fara gudu, ba a jima ba ya mutu tsit. Na ce, "Kun ji? Wannan aikina ne. Akwatin lafiyarsa ƙalau kafin in sa masa hannu, kuma Baba bai taɓa shi ba." Na ɗora gyararren. Na ce in ya mutu kafin la'asar, ni da kaina zan kama hannun Baba in sa shi a mota.

Muka zauna. Rabon da mu uku mu wuni wuri ɗaya tun rasuwar Inna. Akwatin ya yi ƙara ɗaya, Baba ya ce gabas. Ya yi biyu, ya ce tsakiya. Yaya yana duba agogo, yana tashi yana leƙa ruwa, tun yana ɗaure fuska har ya tuɓe takalmi ya shiga gyara wata hanyar ruwa da ta toshe. Fangali biyun nan ɗaya ya tafi, babu yadda za a yi da shi. Ɗayan ya fara ɗaga kai. Muka yi azahar a nan, muka ci ɗanwaken da maƙwabci ya aiko. Aka kira la'asar daga cikin gari, famfo yana ta aikinsa.

Sai na kashe bin sawun gaba ɗaya, na rufe akwatin. Jinkirin numfashi ukun yana nan har yau, na bar shi ya huta. Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ka gafarce ni. Na faɗa maka maganar da ba ta dace ba."

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Zafin kanki na uwarki na, na saba."

Na ciro gwangwanin daga jaka na ajiye gindin ginshiƙi. Ya miƙo hannu ya shafa, ya kama hannuna da gwangwanin tare ya matsar. "Nan. Dama kaɗan. Yauwa." Na sa masa mabuɗin a tafi, ya sake shi, muka ji ƙwal.

Yaya yana tsaye bakin bukka, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, ƙafarsa duk laka. Ya dubi gonar, ya dubi motar. Baba ya juya wajensa.

"Kai kuma, jikkar nan da ka ɗauko, in munka koma gida ka maishe ta inda ka iske ta."

Yaya ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa?"

Baba ya ce, "Kai ka ɗauka, kai za ka tuna."